Ranar Da Sunana Ya Danne Na Yaya A Katin Biki

Abubuwa da yawa sun shige mini a duniya, wasu ma sai an tuna mini nake cewa "au, haka aka yi?" Amma katin bikin 'yata ta fari kam, ko tsufa ya kwashe sauran duka, shi ba zan taɓa mantawa da shi ba. Yanzu ma da nake ba da wannan labari sai da na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ni mace ce ta cikin gida. A Fagge aka haife ni, a Fagge aka aurar da ni, layi uku ne tsakanin gidanmu da na mijina. Boko aji huɗu na tsaya, daidai abin da zan karanta suna da lambar waya da abin da aka rubuta a jikin kaya. Fita kuwa ba ta dame ni ba, a ba ni tsakar gidana da rediyona da wanda zan yi hira da shi, shi ke nan. Abin da Allah ya hore mini shi ne kunne. Ina daga madafa nake gane wanda ya shigo zaure da takunsa, kuma daga sallamar mace nake sanin ko da magana ta zo. Ku riƙe wannan, don za ku ga inda kunnen nawa ya tafi hutu.

Yarinyar nan ita ce 'yar fari, kun kuwa san yadda muke. Ba na kiran sunanta (kada ku jira, a nan ma ba zan kira ba), ba na yi mata wasa a gaban mutane. Ranar da aka yaye ta, Yaya Yalwa, yayar maigidana da ke aure a Rijiyar Lemo, ta zo ta goya ta ta tafi da ita. Ita ta raine ta, ita ta yi jinyar ƙyandarta, ita ta sa ta makaranta har ta gama ta zama malama. To da aure ya zo, kowa ya san Yaya ce uwar biki. Ita ke gayya, ita ke karɓar baƙi, ita za ta riƙe hannun amarya ta kai ta ɗakinta ta damƙa amana. Ni aikina guda ɗaya ne, in shige ƙuryar ɗaki in yi kamar ban san ana yi ba.

Sai dai zuciya ba ta da ƙashi. Da aka zauna rabon aiki na ce, "Yaya, katin mata dai a bar mini, ke ayyuka sun yi miki yawa." Ta dube ni ta ce, "Ke za ki fita?" Na ce zan fita. Ta ce, "To Allah ya taimaka."

Maigidan yana da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, kuma akwai wani dattijo a Sabon Gari da ya daɗe yana buga masa rasit. Ya kwatanta mini, na hau a-daidaita-sahu na tafi, ina jin kaina kamar mai tafiya Makka.

Kai, ina kewar wannan layi. Tun daga bakinsa kake jin injina suna ta tari, ga warin tawada da kananzir, ga mata suna suyar doya a gefe, ana ciniki da harsunan da ban san ko ɗaya ba. Shagon ɗan ƙarami ne, kalandu da katunan biki sun rufe bangonsa. Mai shi, Baba Bitrus, mutumin ƙasar Zazzau ne, da tabarau a ƙarshen hanci da yatsun da tawada ta rine har ba sa wankuwa. Hausarsa tas, sai dai irin tasu ce, "takardan nan", "kujeran nan". Ya ce tun ana jera haruffan dalma da hannu ɗaya bayan ɗaya yake wannan aiki. Har ya jawo wani akwatin katako mai ƙananan gidaje ya ɗauko mini harafi guda ya sa a tafin hannuna, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, ga nauyi. Ya ce, "Da can, Hajiya, kafin mutum ya sa harafi sai ya yi tunani, don cire shi aiki ne. Yanzu kuwa ga wannan." Ya nuna kwamfuta da haɓarsa, kamar mai nuna surukin da bai gama yarda da shi ba.

Ya ba ni kujera, ya rubuta sunan Yaya a gilashin kwamfutar. Daga nan ya riƙa danna wani abu, sunan yana canza kaya a gabana. Wani rubutun a tsaye ƙyam kamar soja, wani ya kishingiɗa, wani ƙato mai tumbi, wani kamar ɗan makaranta ne ya yi da alli. Ban taɓa sanin rubutu yana da iri-iri haka ba. Ji na yi kamar an kai ni Kantin Kwari an ce in zaɓi atamfa kyauta.

Can sai ga wani ya fito. Siriri kamar zare, kowane harafi da jelarsa, jelar tana naɗe na gabanta, sak zanen lalle a hannun amarya. Na dafe ƙirji na ce, "Tsaya nan, Baba. Wannan shi ne na Yaya. Kuma a yi shi da ruwan zinare." Takarda kuwa na riga na zaɓi mai ruwan madara.

Ga lissafin da na yi a raina, ku ma ku yi mini adalci. Matar da ta yi mini rainon shekara ashirin da wani abu, ai rubutun da ya fi kowanne ado shi ya dace da ita, kamar yadda ake ba babba leshi mafi tsada. A gaskiya nawa sunan bai kamata ya hau katin ba sam. Amma na ce muku zuciya ba ta da ƙashi. Na ce a ɗan sa shi can ƙasa, kuma don kada a ce na yi rawar kai, a nemo rubutun da ya fi kowanne muni, wanda babu ado ko ɗis a jikinsa. Baba ya riƙa wucewa da su har muka zo kan wani baƙi ƙirin mai kauri, manyan haruffa a jere kamar bulo. Na gane shi nan take, irinsa ne a jikin buhunan shinkafar shagon maigidan. Na ce, "Yauwa, wannan na 'yan dako ne. Shi za a sa mini." A ganina tsumma na ɗaura, na bar wa Yaya leshi.

Baba Bitrus ya sauke tabarau ya daɗe yana kallon gilashin. Ya ce, "Hajiya, in faɗa miki wani abu? Rubutu murya gare shi. Wannan na saman raɗa yake yi, na ƙasan kuma shela. Wa kike so a fara ji?"

Na ce, "Haba Baba, zinare ne fa. Dubi yadda yake walƙiya."

Ya ce, "A nan yana walƙiya don akwai wuta a bayan gilashin. Takarda ba ta da fitila. Ki bari in buga miki guda ɗaya, ki tafi da shi gida ki duba a hasken rana, ki nuna wa wani. In ya yi, jibi ki dawo a buga sauran."

Jibi in dawo? Ni da fitowar yau ma sai da na yi kwana uku ina shirya ta? Na ce masa a buga kawai, na gani na yaba. Ya ce, "To, mai kaya shi ke da kayansa." Ni da nake taƙama da kunne, dattijo ya yi mini magana da Hausar kunne, amma ta bi ta bayan ɗankwalina ta wuce.

Da katunan suka iso na kwance ɗaurin a bakin taga. Za ku ce ai a nan ya kamata in gane. To wanda ya ajiye allura shi ya san inda take. Idona kai tsaye ya tafi wajen sunan Yaya, na kawo katin kusa da hancina, na ɗan karkata shi, zinaren ya yi ƙyal. Na ce ma sha Allah. Maigidan ko kallo bai yi ba, ya ce harkar mata ce. Kuskure na biyu kuma, maimakon in fara kai wa Yaya, sai na ce bari in raba tukuna, ta ji yabon katin daga bakin mutane. Na ba matan Islamiyyarmu, na ba maƙota, na aika wa dangi. Wata maƙociyata ta karɓa ta duba, ta dube ni, ta ce, "Lallai zamani ya zo." Na ce, "Wallahi kuwa, aikin kwamfuta ne." (Har godiya na yi mata.)

Ranar wata Asabar da hantsi matan dangi suka taru a gidan Yaya, ana haɗa turaren wuta ana duba kayan ɗaki. Na ci ado, na ɗauki sauran katunan na tafi Rijiyar Lemo. Tsakar gida cike, ƙamshi ko'ina. Na durƙusa na gaishe ta, na zaro kati guda na miƙa da hannu biyu, ina jiran a fara shi mini albarka.

Yaya ta karɓa. Ta miƙa hannu nesa, ta dawo da shi kusa. Ta ce a miƙo mata tabarau. Ta sa, ta juya wajen haske. Sannan a hankali, kamar mai sanarwa a rediyo, ta karanta sunana. Cikakke, har da na mahaifina.

Ta ce, "To. Na ga mai gayya. Madalla."

Ladidi, ƙanwar maigidan, abokiyar wasana ce, kuma bakinta ko reza albarka. Ta fizge katin ta duba, ta tafi can ƙarshen tsakar gida wajen randa, ta ɗaga shi sama. Ta ce, "Jama'a, daga nan me kuke gani?" Wallahi sai mata suka karanto sunana baki ɗaya, kamar 'yan aji suna bin malami. Har da wata tsohuwa da na tabbata ba ta yi boko ba, ita ma ta bi sahu.

Ladidi ta ce, "Ai wannan ko daga Singa za a karanta. Matar yaya, ashe haka kike? Shekara da shekaru kina sunkuyar da kai, ashe jira kike a zo biki ki kafa allo. Uwar 'yar fari da kanta."

Na ce, "Yaya, ga naki nan a sama. Na zinare. Shi ya fi kowanne kyau."

Aka dawo mata da katin. Ta sa ɗan yatsa ta shafa wajen, ta karkata shi, ta ƙanƙance ido. Ta ce, "Wannan? Ai na ɗauka adon gefe ne."

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da a ranar Rijiyar Lemo ta samu rijiya ta biyu. A lokacin ne na kalli katin daga inda nake durƙushe, nesa kaɗan, karon farko. Takarda fara sol, wani ɗan zane-zane a sama kamar sawun kiyashi, sai sunana a ƙasa, baƙi ƙirin, ya baje kafaɗu ya zauna daram. Garin gyaran gira na tsone ido.

Dariyar ta lafa da Yaya ta ajiye katin a gefen cinyarta. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Ba komai. Tunda uwa ta fito ta yi shela, sai ta ƙarasa ladanta. Ranar kai amarya ki riƙo hannun 'yarki ki kai ta. Mu ma zo mu ci shinkafa mu tafi."

A nan kunnena ya dawo daga hutu. Na san muryar wasa, na san wadda ba ta wasa ba. Kuma daga ɗakin da ke bayan Yaya na jiyo wata 'yar shessheƙa da na sani tun tana cikin zani. Yarinyar ta ji komai. Ita ba ta san wata uwa da za ta kai ta ɗaki ba sai Gwaggonta, ni kuwa ko a mafarki ban taɓa ganin uwa ta kai 'yarta ta fari gidan miji ba. Ga shi ba ni da bakin da zan leƙa in lallashe ta. Na tattara mayafina na fito, takalmi ma sai a zaure na gane na wata na sako.

Maigidan da ya ji labari ya yi dariya har da tari, sai da ya ga ina hawaye ya tsaya. Ya ce, "Yaya ce fa. Ni ba na shiga tsakaninku. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance." Washegari Lahadi, Baba Bitrus yana coci, shago a rufe. Ranar nan ta yi mini tsawon shekara.

Litinin da sassafe ina bakin shagon kafin ya buɗe. Ya hango ni, ya gyara tabarau, ya ce, "Hajiya, kin dai dawo sau biyun." Iyakar gorin da ya yi mini ke nan, Allah ya saka masa. Na ba shi labari yana kaɗa kai. Ya ce su ma a wajensu haka ake kunyar ɗan fari, shi kansa a hannun ƙanen babansa ya tashi.

Wannan karon na naɗe hannuwana na yi shiru. Ya zaɓi rubutu iri ɗaya tak, baƙi, mai natsuwa, ba ƙato ba kuma ba siriri ba, irin wanda in mutum ne za ka ce dattijo ne mai farar riga. Ya sa sunan Yaya a tsakiya shi kaɗai, ya fi sauran girma, ya bar fili fetal a kewayensa. Rana da wuri suka biyo baya a ƙasa, ƙanana amma a fili. Bakina ya kasa haƙuri, na ce, "Baba, wannan wurin da ba komai, ba za a ɗan sa fure ba?"

Ya ce, "In babban mutum ya zauna, matse shi ake yi ko ba shi wuri?"

Na ce, "Ba shi wuri."

Ya ce, "To. Naki sunan fa, a ina za a sa?"

Na ce, "A cire shi, Baba. A cire har inuwarsa."

Ya buga guda ɗaya, ya fito da ni bakin titi, ya tsaya a ƙofar shago riƙe da katin ya ce in ja da baya. Na ja. Ya ce in ƙara, in kuma ɗan runtse ido kamar tsohuwa. Masu suyar doya suna kallona. Ya ce, "Wa kika fara ji?" Na ce, "Yaya." Ya ce, "Yanzu a buga."

Saura waɗanda na riga na raba. Ni da ko suna a maƙota sai an yi mini dole, na kwana huɗu ina bin gidaje, Fagge lungu-lungu, har Gwammaja, ina karɓar tsohon kati ina ba da sabo. Babu gidan da na shiga ban sha tsiya ba, don Ladidi ta riga ni isa ko'ina da labari. Wata ta ce sai ta ajiye nata don tarihi, sai da na haɗa ta da Allah. Wata ta ce ta riga ta hura gawayi da shi, na ce Allah ya yi mata albarka. Ƙafafuna suka kumbura, na san hanyoyin da na shekara arba'in ina jin sunansu kawai.

Rana ta biyar na zuba tsofaffin a fanteka, na ɗora sabon a kai, na tafi Rijiyar Lemo. Yaya tana zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ina daga bakin ƙofa, ban ma ƙaraso ba, na ga idonta ya sauka a kan katin, leɓenta yana motsi. Ba tabarau. Na durƙusa na ajiye fantekar. Ta ɗaga sabon, ta leƙa abin da ke ƙasa, ta sa hannu ta juya su kamar mai duba wake.

Ta ce, "Wa ya karɓo waɗannan?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

"Da ƙafarki?"

"Da ƙafata."

Ta dubi ƙafafun nawa, ta daɗe tana kallo. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata har ta dafa ƙasa. Ta ce, "Allah ya shirye ki. Tashi ki tafi gida ki ɓuya. Kada in kuskura in ga ƙeyarki a bikina."

Ban taɓa jin daɗin kora irin ta ranar ba. Ranar kai amarya ina ƙuryar ɗakina, ƙofa a rufe, na jiyo guɗa daga bakin layi lokacin da motoci suka biyo ta unguwarmu, na kuma tsinci muryar Yaya a ciki tana ba da umarni. Na yi kukana ni kaɗai, yadda ya kamata.

Ladidi kuwa, da ta ji inda na samo rubutun, ta laƙaba mini Hajiya Buhu, kuma sunan ya bi ni. Jikokina ma wasu sun ɗauka sunan yanka ne.

Shekaru sun tafi. Kwanaki na bi ta layin nan a Sabon Gari, shagon ya koma na kayan waya, aka ce Baba Bitrus ya daɗe da komawa gida Zariya. Ban san inda akwatin haruffan dalmarsa ya ƙare ba. Yaya ma Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta. Da muka zo kwashe kayanta, a can ƙasan adakarta, cikin tsummokaran turare, sai ga katin nan na farko, wanda na miƙa mata da hannu biyu. Ashe shi kaɗai ne ya rage ban karɓo ba. Ladidi ta ce lokaci-lokaci Yaya takan ɗauko shi ta karkata a bakin ƙofa ta ce, "Rubutun kam yana da kyau, ba a ganinsa ne kawai." Na karkata shi ni ma. Zinaren yana nan, ya yi mini ƙyal sau ɗaya.

Yanzu yara a waya suke haɗa kati, kafin ruwan shayi ya tafasa sun gama, an tura wa duniya. Rubutu iri bakwai a kati ɗaya, kowanne yana ƙoƙarin danne ɗan'uwansa, kamar 'yan kamasho a tasha. In an kawo mini in gani, sai in miƙa wayar nesa, in runtse ido, in kasa kunne. Su yi ta dariya, wai Hajiya Buhu tana sauraron rubutu. Ni dai na san abin da na biya da ƙafata kafin in koya. In za ka girmama mutum, girmama shi yadda tsohuwa za ta hango daga bakin ƙofa ba tabarau. In kuma kunya ce ta kama ka, to kada ka aika rubutun buhu ya yi maka ita.